Iskar Taya Da Hular Kwano: Abin Da Ke Tsakanin Mahayin Babur Da Kwalta

Duk nauyin babur, da na direbansa, da na fasinja, da na buhun da aka ɗaure a baya, yana sauka ne a kan wasu 'yan wurare biyu inda roba ke taɓa kwalta, kowannensu bai wuce girman katin cirar kuɗi na banki ba. Ta nan birki ke kamawa, ta nan ake shan kwana, ta nan ake kauce wa rami. Abin da ke tsara girman waɗannan wurare da fasalinsu kuwa shi ne iskar da ke cikin taya. Mota tana da ƙafa huɗu, idan ɗaya ta gaza, sauran ukun kan bai wa direba 'yan daƙiƙoƙi ya nemi gefen hanya. Babur ba shi da wannan rangwame.

Maganar ta shafi ma'aikacin gwamnati a Abuja fiye da yadda yake zato. Tun a watan Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke Ministan Babban Birnin Tarayya, aka hana acaba a tsakiyar birnin, amma hanin bai kai inda akasarin ma'aikata ke kwana ba. Wanda ya tashi daga Sakatariyar Tarayya da yamma, bas kan ajiye shi ne a bakin titi a Nyanya ko Mararraba ko Kubwa ko Lugbe, daga nan babur ne zai ƙarasa da shi ƙofar gida ta hanyoyin da ruwan damina ya zaizaye. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga masu mota sun jingine ta, sun koma wannan layi. A cikin birnin ma babur bai ɓace ba: masu kai saƙo na yawo da takardu da abinci da magani, ma'aikatu suna da baburan masinjojinsu, kuma sau da yawa hadimin wani babba ne ke ɗaga waya ya ce wa mai babur lallai saƙo ya isa kafin a tashi daga taro.

Da wuya a ji jami'in hanya ya tsayar da mai babur don ya duba iskar tayarsa. Ana tambayar takardu, ana tambayar lamba, wani lokaci a tambayi hular kwano. Ƙarancin iska ba a hango shi daga nesa, saboda haka ya zama lamarin da ba mai kula da shi sai mai babur kansa, ko wanda ya ba shi babur ɗin.

Babban yatsa da ƙarfen mai faci

Yadda aka saba shi ne mai babur ya tsaya wurin mai faci ya ce a ƙara masa iska. Mai faci ya tayar da injinsa, ya danna bakin tiyo a kan bawul, ya ɗan jira, sannan ya matsa tayar da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfe ya saurari amonta. In ta yi tauri an gama. Akwai masu faci da ke da geji, amma gejin da ya shekara yana faɗuwa ƙasa, yana shan ƙura da zafin rana, zai iya nuna abin da ya ga dama, kuma babu mai zuwa ya gwada ingancinsa. Yatsa yana iya bambance tayar da ta sace sarai da wadda ke da iska. Ba ya iya bambance psi 22 da psi 28, alhali a tsakanin irin waɗannan lambobi ne matsalar take.

Psi shi ne ma'aunin matsin iska da aka fi sani a nan. Wasu geji kan nuna bar, kuma bar 1 daidai yake da kusan psi 14.5. Kowane babur yana da adadin da kamfaninsa ya tsara masa, a rubuce cikin littafin da ke zuwa da shi, kuma galibi a kan wata 'yar takarda da aka manna a murfin sarƙa ko a ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. A ƙananan babura ƙirar Indiya da suka cika hanyoyin ƙasar nan, irin su Bajaj da TVS, adadin kan kasance kusan psi 25 a gaba, kusan 28 a baya idan direba shi kaɗai ne, da kusan 32 idan ya ɗauki fasinja. Manyan babura irin na 'yan rakiyar shugabanni suna buƙatar fiye da haka. Abin lura shi ne tayar gaba da ta baya ba adadi ɗaya suke so ba, kuma ta baya adadinta na canzawa da nauyin da aka ɗora mata.

Akwai wani kuskure da har masu ilimi ke faɗawa cikinsa. A jikin kowace taya akwai lambar psi da aka zana, sai mutum ya ɗauka ita ce adadin da ake so. Wannan lamba tana nuna iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne a ƙarƙashin mafi girman nauyi. Adadin yau da kullum na jikin babur yake, domin kamfanin da ya ƙera babur ɗin shi ya san nauyinsa da yadda yake rarraba shi.

Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa fiye da ƙima a duk juyi. A gudun kilomita 60 cikin sa'a, tayar ƙaramin babur tana juyawa fiye da sau 500 a minti guda, kuma kowane juyi gefenta na lotsawa ya miƙe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta yi zafi ta karye ya san abin da ke biyo baya. Zafin yana raunana zaren da ke cikin robar, har wata rana ya saki. Kafin a kai ga haka, direba zai ji kan babur ya yi nauyi, yana ƙin shan kwana, bayansa na lilo, gefe-gefen tayar na cinyewa kafin tsakiyarta, mai kuma na ƙarewa da wuri.

A babur mai tiyub abin ya fi muni, kuma akasarin baburan haya masu wili na wayoyi tiyub ne a cikinsu. Idan taya mai ƙarancin iska ta faɗa rami, bakin wili kan matse tiyub ya yi masa huda biyu a jere, kamar saran maciji. Haka nan idan aka taka birki da ƙarfi, tayar da ba ta kama wili sosai ba takan zame kaɗan, ta ja tiyub tare da ita, har bawul ya tsinke daga gindinsa. A duka biyun iskar ba a hankali take fita ba, lokaci guda take tafiya. In tayar gaba ce, kuma a kan gangaren Kugbo ne da safe cikin jerin motoci, sai dai a yi fatan Allah Ya kiyaye. Taya marar tiyub ta fi haƙuri: ƙusa kan shige ta ya toshe ramin da ya yi, iska ta riƙa zurarewa sannu a hankali na sa'o'i ko kwanaki.

Masu ɗaukar kaya da fasinja biyu sun san illar ƙarancin iska, sai su zarce zuwa ɗaya ɓangaren, su sa a ɗura har taya ta koma kamar dutse. Wannan yana rage faɗin wurin da roba ke taɓa ƙasa, tayar ta riƙa tsalle a kan tsakuwa maimakon ta kwanta a kanta, birki ya ƙara nisa, tsakiyar tayar ya suɗe da wuri. A busasshiyar kwalta ba lallai a ji bambancin ba. Ranar da ruwan farko ya sauka ya taso da man da ya taru a kan titi tun rani, ranar ake ji.

Sai kuma batun zafi da sanyi, wanda yanayin Abuja ke ƙara wa muhimmanci. Iska tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi. A tayar ƙaramin babur, duk sauyin digiri 6 zuwa 7 a ma'aunin Salshiyos yana motsa matsin da kusan psi 1. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar, bambancin zai iya kai psi 3, ba a ma lissafa zafin da tafiya ke haifarwa ba. Shi ya sa kamfanoni ke cewa a auna taya a sanyaye, kafin a hau, ko bayan babur ya huta na wasu sa'o'i. Wanda ya auna da tsakar rana bayan ya taso daga Gwagwalada, ya ga lambar ta haura, ya rage iska, da gari ya waye zai tarar tayarsa ta yi ƙasa sosai. Hauhawar da zafi ya kawo an riga an yi lissafinta, ba a taɓa ta.

Ko babu huda, iska na ratsa roba ta fita. Psi 1 ko 2 a wata ba abin mamaki ba ne, kuma tiyub na iya zubar da fiye da haka. Tayar babur ba ta ɗaukar iska mai yawa kamar ta mota, don haka ɗan abin da ya fita babban kaso ne. Awo sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace da babur ɗin da ke aiki kullum.

Na'urar da rikicin Ford da Firestone ya haifar

A nan ne na'urar sa ido kan iskar taya, wadda ake kira TPMS a taƙaice, ta shigo. An fara ganin ta a motar fasinja a Porsche 959 a shekarar 1986, amma masifa ce ta mayar da ita dole. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer sun riƙa ɓarewa a kan hanya, motocin na kifewa, aka alaƙanta lamarin da mutuwar fiye da mutum 200 a Amurka. A watan Agustan 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da adadin iska: Ford ya ba da shawarar psi 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar TREAD a wannan shekara, kuma daga watan Satumban 2007 ya zama wajibi kowace sabuwar ƙaramar mota ta gargaɗi direba idan iskar taya ta faɗi da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta a kan dukkan sabbin ƙananan motoci daga Nuwamban 2014.

Abin mamaki, waɗannan dokoki ba su haɗa da babur ba, duk da cewa shi ya fi buƙata. Kamfanoni irin su BMW da Honda da Harley-Davidson suna sa ta a manyan baburansu masu tsada. Ƙaramin babur ɗin da ke ɗaukar ma'aikaci daga mahaɗa zuwa gida bai zo da ita ba, sai dai mai shi ya saya ya ɗaura.

Wadda ake saye a kasuwa iri biyu ce. Akwai wadda ake sakawa a cikin taya, a gindin bawul, wanda ke buƙatar a cire tayar, kuma ba ta dace da taya mai tiyub ba. Akwai kuma wadda ake murɗawa a kan bawul daga waje a madadin ɗan murfinsa, girmanta bai fi ƙwallon goro ƙarami ba. A cikinta akwai ma'aunin matsi da na zafi da ɗan batiri mai kama da kwabo, tana aika lambobin ta siginar rediyo zuwa wani ɗan allo da ake ɗaurawa a hannun babur, ko ta Bluetooth zuwa wayar salula. Mai babur shi zai shigar da iyakar ƙasa da ta sama, idan aka ƙetare su allon ya yi ƙara ko ya haska ja.

Amfaninta a bayyane yake. Ƙusar da ta shiga taya a Apo, tana zurar da iska a hankali, na'urar za ta tona asirinta kafin a kai Gudu. Ga mai kai saƙo da ke yini a kan hanya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana kuma sa mutum ya san lambar tayarsa kamar yadda ya san adadin man da ke tankinsa, tun da kullum tana gabansa.

Sai dai masu tallarta ba su cika faɗin iyakokinta ba. Ba ta iya gargaɗi kan fashewar farat ɗaya. Kafin allo ya yi ƙara, tiyub ɗin da bawul ɗinsa ya tsinke ya riga ya zubar da komai. Abin da take yi shi ne hana a kai ga yanayin da ke jawo fashewar. Na biyu, irin ta waje tana danne ƙwayar bawul a buɗe ne domin ta ji matsin, wato ita kanta ta zama abin da ke riƙe da iskar. Idan ba a murɗa ta da kyau ba, ko 'yar robar da ke cikinta ta lalace, ita za ta riƙa sace tayar da aka saye ta don ta tsare. Nauyinta kuma, duk da ƙanƙantarsa, yana jan bawul na roba gefe idan taya na gudu, har ya tsage, shi ya sa ake son a ɗaura ta a kan bawul na ƙarfe, a kuma tabbatar ba ta gugar wani ɓangare na birki. Batirinta na mutuwa. Wasu ba sa farkawa sai taya ta fara juyawa, don haka lambar da ke kan allo da asuba ta jiya ce. Masu araha sosai kan yi kuskuren psi ɗaya ko biyu, dole a riƙa gwada su da geji mai kyau. Ga kuma ɗan hali a tashar mota, wanda abu mai ƙyalli a kan bawul ba ya wuce shi, ko da yake yawancinsu suna zuwa da ɗan noti na kullewa.

Irin wadda ke aika lamba zuwa waya tana da wata illa ta daban: tana ba direba dalilin kallon waya yana tafiya. Allo mai ƙara ya fi dacewa.

Idan aka auna duka, gejin hannu mai kyau, wanda kuɗinsa bai kai na cika tankin babur sau ɗaya ba, shi ne farkon abin saye. Na'urar sa ido ƙari ce mai kyau ga wanda ke doguwar tafiya, ko ga ofishin da ke da babura da yawa, ko ga mai taya marar tiyub. Amma wanda bai san cewa tayar bayansa psi 32 take so ba, allon da ke nuna masa 24 bai gaya masa komai ba.

Taya ma tana tsufa

Ma'aikatan tarayya ba za su manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, ranar da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Rahoton da shugaban Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na lokacin, Boboye Oyeyemi, ya gabatar ya danganta haɗarin da fashewar tayar baya ana cikin gudu, da taka birki bayan fashewar. Babbar mota ce mai ƙafa huɗu, amma taya guda ta isa. Bayan wannan ne hukumar ta ƙara ƙaimi wajen wayar da kai kan tayoyin da suka tsufa.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. Lambobi huɗu ne a cikin wani ɗan zagaye a gefe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin shi kuwa yana ba da shawarar a riƙa kai ta ƙwararre ya duba duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta ko yaya take idan ta kai goma. Bambancin ba ƙarami ba ne, amma a ƙasar da taya ke kwana a rana a gaban shago, kuma take aiki a kan kwalta mai zafi da ramuka, tsananin hukumar yana da hujja. Roba na bushewa, tana tsattsagewa, tana rasa kamunta, ko da zanenta na nan daram.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, kasuwar taya ta dogara ne kacokan a kan abin da aka shigo da shi. Tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma suna nan a kasuwa. Ga mai babur, araha ba ta ado a nan. A cikin ramukan zanen taya akwai wasu 'yan tudu da aka yi da gangan, idan zanen ya cinye har ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Waɗannan ramuka su ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma Abuja na shan ruwa daga Afrilu har Oktoba.

Ƙwarya da tukunya

Idan taya ta gaza, ko wani direba ya yi ganganci, abin da ya rage shi ne abin da mahayi ke sanye da shi. A ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano ga direba da fasinja a faɗin ƙasa. Abin da ya biyo baya har kafafen yaɗa labarai na waje sun ɗauka: an ga 'yan acaba sun kifa ƙwarya da tukunya da robar fenti a ka, sun ɗaure da igiya, don su wuce shingen jami'ai. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabo, fasinjoji na ƙyamar hular da kowa ya sa saboda tsoron ƙwarƙwata da cutar fata, har jita-jitar asiri ta shigo ciki. An yi dariya, dokar ta yi sanyi, kawuna suka ci gaba da fashewa.

Alƙaluman ba su da shubuha. Wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara bincike masu yawa a 2008 ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kusan kashi 69. Babu wani kayan babur da ya kama ƙafar wannan.

Aikin hular ba a ƙoƙon waje yake ba. A ƙarƙashinsa akwai wani farin soso mai kauri, irin wanda ake kare talabijin da shi a kwali amma ya fi shi ƙarfi, wanda ke murƙushewa idan kai ya bugi ƙasa, ya tsawaita lokacin tsayawar ƙwaƙwalwa da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ɗan lokaci shi ne bambancin ciwon kai da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya soson ke yin wannan aiki. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama yayi, ko da ba a ga tsaga a wajenta ba. Hular magina mai launin ruwan ƙwai da ake gani a kan wasu 'yan acaba ba ta da wannan soso, an yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama.

Hula mai inganci tana ɗauke da shaidar gwaji: ECE 22.05 ko sabuwarta 22.06 ta Turai, DOT ta Amurka, ko ISI ta Indiya. Gaskiya ne ana buga takardun bogi a manna, don haka hannu ma shaida ne. Idan hula ta yi sakayau kamar roba, sosonta bai kai kaurin yatsa biyu ba, ko ana iya matse gefenta da hannu, ba ta da amfani. Dole ta kama kai ba tare da tana juyawa ba, kuma a ɗaure igiyar haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin mai ita ya sauka ƙasa. Mai rufe haɓa ta fi buɗaɗɗiya kariya, domin fuska da muƙamuƙi na cikin wuraren da suka fi cin ƙasa.

Ga ma'aikacin da ke hawa acaba safe da yamma, mafita daga ƙyamar hular kowa-da-kowa ita ce ya mallaki tasa. Ɗaukarta zuwa ofis akwai ɗan nauyi, kuma tana rusa karin hula da ɗaurin ɗankwali. Ana iya ajiye ta a shagon wani sananne kusa da tashar, hular zanna kuwa ta shiga jaka har a isa.

Wanda ba a gani ba

Binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar a 1981, bayan bin diddigin haɗurran babur 900, ya gano cewa a karon babur da mota, babban dalili shi ne direban motar bai lura da babur ɗin ba. Wani bincike a birnin Okland na ƙasar New Zealand da aka buga a 2004 ya nuna masu sanya tufa mai ƙyalli ko mai ɗaukar ido haɗarinsu ya ragu da kashi 37 cikin 100, masu farar hula kuma da kashi 24 idan aka kwatanta da masu baƙa. Riga mai ƙyalli tana cikin mafi arahar kayan kariya, kuma a unguwannin da fitilun titi ba sa aiki, ita da fitilar baya ne kawai ke shaida wa direban tifa cewa akwai mutum a gabansa. Fitilar baya da ta mutu ba ta hana babur tafiya, shi ya sa takan yi watanni a mace.

Madubi ma haka. Sau da yawa shi ne farkon abin da ake kwancewa daga sabon babur, wai don a ji daɗin kutsawa tsakanin motoci, sai direba ya koma waiwaye yana gudu.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar masu sutura irin tamu. Babbar riga, da dogon hijabi, da gefen zani ko mayafi, duk suna iya shiga wayoyin wili ko sarƙa su fizgo mutum ƙasa ta baya. Indiya, inda mata ke hawa da sari, ta wajabta wa kamfanoni sanya wani ragar ƙarfe da ke rufe sashen tayar baya. Idan babur ya zo da ita bai kamata a cire ba, haka murfin sarƙa. Fasinja kuma ya tattare tufarsa a cinya kafin a tashi. Takalmi rufaffe ya fi silifa, safar hannu na kare tafin da ke fara dafa ƙasa, dogon wando na rage ƙunar salansa da mata da yara suka fi sha a ƙwauri.

Birki mai hana taya kullewa, wato ABS, ba abin da za a saya a ɗaura ba ne, da babur yake zuwa. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan baburan da injinsu ya haura cc 125 daga 2016, Indiya ta yi haka ga dukkan sabbin baburan wannan aji daga Afrilun 2019, ƙananan kuma ta ce a haɗa musu birkin gaba da na baya su riƙa kamawa tare. Shi ma a kan taya ya dogara, ba ya ƙirƙiro kamun da robar ba ta da shi.

A teburin jami'in saye

Cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ke rubuta takardar sayen babura ga ma'aikatu da hukumomi, da waɗanda masinjoji ke ƙarƙashinsu. Abin da aka saba shi ne a rubuta adadin babura da ƙarfin injinsu, a ƙara da hular kwano ba tare da an faɗi irinta ba, ɗan kwangila kuwa ya kawo mafi araha. Layi uku a cikin takardar sun isa su canza wannan: a nemi babur mai taya marar tiyub, a ambaci shaidar gwajin da hular za ta ɗauka da girma daban-daban don ta dace da kawunan masu sa ta, a kuma ƙayyade cewa tayoyin da za a kawo ba su haura shekara guda da ƙerawa ba. Kwamitin karɓar kaya na iya tantance na ƙarshen da ido, ta lambobi huɗun nan.

Bayan saye sai kulawa. Littafin da direba ke rubuta kilomita da man da ya sha yana da wurin ƙarin shafi guda: ranar Litinin da safe, kafin babur ya motsa, psi nawa a gaba, nawa a baya, wa ya auna. Geji guda da famfon ƙafa guda a ofishin sufuri sun isa babura goma. Inda aka ɗaura na'urar sa ido, sai a rubuta ranar da aka sa batirinta. Hadimin da ke aika mai babur daga Maitama zuwa filin jirgi ya kuma ba shi lokacin da tafiyar ke ci a gudun da doka ta yarda, har da minti biyun da zai tsuguna ya ɗora geji a kan bawul.